SA'AD DA TOTUR YA ƘI AMSAWA: YADDA ZA MU GANO INDA CIWON YAKE

A cikin dukan ciwace-ciwacen mota, babu mai cin kuɗi da ɓata rai kamar ciwon da yakan zo ya tafi. Mota tana tafiya lafiya, direba ya taka totur domin ya hau tudu ko ya wuce babbar mota, sai ya ji shiru, inji bai ƙara ƙarfi ba. Jim kaɗan kuma sai ta karɓa kamar ba abin da ya faru. In an kai ta gareji, sai ta yi lafiya ƙalau a gaban bakanike. Daga nan sai a shiga canke. Yau a sake fulogi, gobe a sake famfon mai, jibi a ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Kuɗi ya ƙare, ciwo kuwa yana nan.

Mu da muke zaune a karkara, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sau da yawa mota ɗaya ce ga gari duka. Ita ke kawo taki, ita ke kai hatsi kasuwa, ita ce kuma ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Motar da ba a san lokacin da za ta ƙi amsawa ba, hatsari ce ga mutanen da ke cikinta da waɗanda ke kan hanya.

Abin da muke so mu nuna shi ne, ba a kama irin wannan ciwo da sayen kaya. Ana kama shi da lura, da bin abubuwa bi da bi, daga mai arha zuwa mai tsada. Rabin aikin kuwa yana hannun direba, gama shi kaɗai ne yake wurin sa'ad da abin ya faru.

TOTUR IRI BIYU NE

Kafin kome, mu san irin totur da motarmu take da shi.

Na fari shi ne mai waya. Wayar ƙarfe ce ta taso daga abin takawa, ta ratsa ta shiga ɗakin inji. In an taka, sai ta ja wani ɗan ƙyaure ya buɗe, iska da mai su shiga. Haka Peugeot 404 da 504 suke, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekara ta 1975. Haka kuma tsofaffin a-kori-kura da bas-bas da yawa suke, har da babur.

Na biyu shi ne mai lantarki. Kamfanin BMW na Jamus ya sa shi a babbar motarsa tun wajen 1988, bayan shekara ta 2000 kuwa sai ya bazu cikin kusan kowace irin mota. A nan babu wayar ƙarfe ko kaɗan. A jikin abin takawa akwai wata 'yar na'ura mai auna yadda ƙafa ta taka, wadda ake kira sensa. Ita ke aika saƙo ga ƙwaƙwalwar mota, wato akwatin nan da kanikawa ke kira biren bokis. Ƙwaƙwalwar ce za ta duba saƙon, in ta yarda da shi, sa'an nan ta umarci wani ƙaramin moto ya buɗe ƙyauren iska. A motar gas kuma ta ƙara yawan man da nozul ke fesawa.

Gane su ba wuya. A leƙa saman abin takawa da tocila. In an ga wayar ƙarfe ta shige cikin bango, mai waya ne. In kuwa ɗan baƙin akwati aka gani da soket mai ƙananan wayoyi, yawanci guda 6, to mai lantarki ne.

Akwai wani abu da ya kamata kowane direba ya fahimta game da mai lantarki. Sensa biyu ne a cikin akwatin nan, ba ɗaya ba, kamar shaidu biyu a gaban alƙali. Ƙwaƙwalwa takan ba kowannensu wuta bolt 5, kowanne kuma ya mayar mata da amsa. A motocin Turai da yawa, amsar na biyu rabin ta na fari ce kullum. A motocin Toyota da yawa, in ba a taka ba, ɗaya yakan nuna wajen bolt 0.8, ɗayan wajen 1.6, su riƙa hawa tare. Muddin bakin shaidun nan ya zo ɗaya, ƙwaƙwalwa za ta yi abin da ƙafa ta ce. Da zarar sun saɓa, ko da na ƙiftawar ido ne, sai ta ƙi yarda da su duka. Za ta rage ƙarfin inji, ko ta bar shi a silo ko da an danne totur har ƙasa. Da gangan aka yi ta haka, domin gara mota ta ƙi gudu da ta zabura ba da son direba ba.

Saboda haka in totur mai lantarki ya yi shiru, sau da yawa ba karyewa wani abu ya yi ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ji abin da ba ta amince da shi ba. Aikinmu shi ne mu gano abin da ta ji.

IN YA FARU A KAN HANYA

Rai ya fi mota. In totur ya ƙi amsawa ana cikin tafiya, ga abin yi:

1. A kunna fitilun gargaɗi, a gangara gefen hanya a hankali.
2. Kada a kashe makulli mota tana tafiya. In inji ya mutu, birki da sitiyari za su yi tauri, sitiyari ma yana iya kullewa.
3. In a kan tudu ne, a ja birkin hannu, yaron mota ya sa weji.
4. Kafin a kashe inji, a dubi allon gaban direba, a ga fitilar da ta kama.
5. A kashe, a jira kamar minti ɗaya, a sake tayarwa.

In motar ta karɓa, kada a ce ta warke. A tafi da ita sannu, kada kuma a yi ƙoƙarin wuce wata mota sai an gano ciwon. Wanda ya fita layin wani yana dogara ga totur da ya ba shi kunya ɗazu, ya sa ran fasinjansa a caca.

DIREBA SHI NE SHAIDA

Muna ba da shawara a ajiye ƙaramin littafi da biro a cikin mota. Duk sa'ad da abin ya faru, a rubuta amsar waɗannan tambayoyi:

1. Inji yana da sanyi ne, ko an daɗe ana tafiya?
2. Hanya mai kwalta ce, ko mai gargada?
3. An yi ruwa, ko an ratsa rafi, ko an wanke inji kwanan nan?
4. Yaya yawan mai a tanki, a ina kuma aka sha na ƙarshe?
5. A tudu ne da lodi, ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya?
6. An taɓa birki gab da faruwar abin?
7. Wace fitila ta kama?
8. Da aka kashe aka sake tayarwa, ta karɓa nan da nan?
9. Wane aiki aka yi wa motar kafin ciwon ya fara?

In an rubuta sau huɗu ko biyar, sai a ga ciwon yana da hali. Mai zuwa a hanyar gargada, waya ce ko soket ya saki. Mai zuwa da damina, ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Mai zuwa a tudu ko sa'ad da tanki ya yi ƙasa, a nemi hanyar mai. Mai zuwa bayan an yi tafiya mai nisa, wani abu ne da ba ya jure zafi. Tambaya ta tara kuwa tana da nauyi ƙwarai. In ciwon ya fara mako ɗaya bayan an sa sabon rediyo, ko an yi walda, ko an sake batir, to daga wurin za a fara dubawa.

MU SAURARI INJI

Direbobi sukan ce "totur ya ƙi" a kan ciwo uku dabam-dabam. Kunne ne zai raba su.

Na ɗaya: an taka, inji ya yi ƙara sosai, amma mota ba ta ƙara gudu ba. Wannan ba ciwon totur ba ne. Kuloci ne yake sulɓewa, musamman a tudu da lodi, wani lokaci har a ji ƙauri. In motar mai sake giya da kanta ce, a duba man giya, yawansa da launinsa.

Na biyu: an taka, inji ya yi tari, yana fizga, yana shaƙewa kamar zai mutu. Totur ya yi aikinsa, ƙyaure ya buɗe, amma inji bai sami isasshen mai ba, ko iska, ko wutar fulogi.

Na uku: an taka, inji bai sake murya ba ko kaɗan. Yana nan a silo, lafiya, ba tari ba fizga, sai ka ce ba a taɓa shi ba. Wannan shi ne ainihin ciwon totur. Saƙon ƙafa bai isa ba, ko ya isa an ƙi karɓarsa. In fitila mai hoton inji ta kama, wadda direbobi ke kira cek, ko mai haruffan EPC a motocin Volkswagen, sa'an nan ciwon ya tafi da aka kashe aka sake tayarwa, to kusan tabbas ƙwaƙwalwa ce ta rage ƙarfi da kanta.

ABUBUWA HUƊU DA BA SU CIN KO KWABO

In ciwo na uku ne, akwai abubuwan da direba zai duba da kansa a gida kafin a je gareji.

Kafet. A cire kafet da tabarmar roba da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Waɗansu sukan ɗora biyu ko uku. In sun taru a ƙarƙashin totur ba zai sauka ba, in sun hau kansa ba zai dawo ba. A duba kuma ko gorar ruwa, ko sifana, ko dutse ya gangaro wurin. Kada mu rena wannan. A shekarun 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya kira miliyoyin motoci a Amurka domin gyara, saboda kafet mai riƙe totur da kuma abin takawa mai maƙalewa.

Makunnin fitilar birki. Bayan abin da ya faru a Amurka, kamfanoni da yawa suka tsara motocinsu yadda in ƙwaƙwalwa ta ji an taka birki da totur tare, za ta bi birki ta ƙyale totur. Waɗansu motocin Jamus suna da wannan tsari tun kafin lokacin. Waɗansu motocin gwanjo da ake kawo mana daga ƙasashen nan da shi suke zuwa. To, a saman abin taka birki akwai ɗan makunni wanda ke kunna jar fitilar baya, shi ne kuma ke gaya wa ƙwaƙwalwa an taka birki. In ya saki ko ya tsufa, gargada kaɗai ta isa ta sa ya ba da labarin ƙarya, sai totur ya yi shiru. Gwajinsa mai sauƙi ne. Da dare a sa wani ya tsaya a baya. A kunna makulli, a girgiza abin taka birki da hannu ba tare da an danna shi ba. In jar fitila tana ƙiftawa, ko ta zauna a kunne bayan an ɗaga ƙafa, an kama ɓarawo. A duba ko sifirin yana mayar da abin takawa sama sosai. Direban mota mai sake giya da kanta kuma ya binciki kansa, ko yakan ɗora ƙafar hagu a kan birki bai sani ba.

Batir da wayar ƙasa. Ƙwaƙwalwa ba ta son wuta mai rawa. A kama kan batir a murɗa da hannu. In ya motsa, ya saki. In akwai farin gari ko kore a kai, a kwance a wanke da ruwan ɗumi, a kankare, a ɗaure tam. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani a kan batir ba gyara ba ne. Sa'an nan a bi baƙar wayar nan mai kauri da ta tafi jikin mota da jikin inji, a tabbata ba tsatsa a inda aka ɗaure ta. Mai mita ya auna: lafiyayyen batir yakan nuna wajen bolt 12.6 in inji a kashe yake, in yana aiki kuma wajen 14. Amma a kula, in fitilar cek ta kama, kada a cire kan batir sai an karanta abin da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Za mu zo ga dalilin.

Soket da wayoyi. A kashe makulli, a zare soket na totur, a haska ciki. Ana neman kore-kore, ko danshi, ko haƙorin da ya lanƙwashe ko ya koma ciki. Wurin ƙafar direba wuri ne na laka da ruwa, takalmi kuma yakan buge wayar. A yi haka ga soket na maƙogwaron inji. Sa'an nan a bi wayoyin da ido da hannu, musamman inda suke gogar ƙarfe, da inda suka ratsa bango, da inda aka taɓa yanka aka naɗe da salatif. Motar da ke kwana kusa da rumbu, ko mai ɗaukar masara da gyaɗa, ɓeraye sukan yi gida a cikinta su ci rigar waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wayar da ta kusa tsinkewa a cikin rigarta takan haɗu in mota tana tsaye, ta rabu in an faɗa rami.

Akwai gwajin da kanikawa na kirki suke yi, wanda kowa zai iya. A tsai da mota, a cire giya, a ja birkin hannu, a tayar da inji. Mutum ɗaya ya taka totur kaɗan ya riƙe. Ɗayan ya riƙa girgiza wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya, yana nisantar fanka da bel. Inda aka taɓa inji ya sake murya, nan ciwon yake.

IN CIWON MAI NE KO ISKA

Ciwo na biyu, wato tari da shaƙewa, shi ya fi yawa a karkara, dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Man jarka da na 'yan bumburutu yakan zo da ruwa da ƙasa. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki. A hanya mai kyau ba ya motsi. In an shiga gargada ko an hau tudu sai ya tashi, famfo ya zuƙe shi. A tsiyayi man kaɗan a cikin farar kwalba, a ajiye ta minti goma. In akwai ruwa za a gan shi a ƙasa. A yi wannan a fili, nesa da wuta da taba.

Filtar mai da ta toshe takan bar ɗan mai ya wuce, wanda ya ishi silo da tafiyar sannu, amma bai ishi tudu ba. Filta ba ta da tsada, a sake ta kafin a zargi famfo. Famfon motocin fetur na yanzu a cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ne kuma ke sanyaya shi. Wanda ya saba yawo da ɗan mai a gindin tanki yana gajarta kwanan famfonsa. Famfon da ya gaji yakan yi aiki da safe, ya kasa da rana tsaka, in ya huta ya sake kamawa. Bakanike mai agogon auna ƙarfin mai zai iya tabbatar da wannan. Kada a saya bisa zato.

A tsohuwar mota, in ƙofar numfashin tanki ta toshe, mai yakan daina sauka bayan an yi 'yar tafiya. In ciwon ya zo, a buɗe murfin tanki. In an ji ya zuƙi iska da ƙarfi, mota kuma ta karɓa, an gane.

Motar gas tana da wurin tara ruwa a ƙarƙashin filta, da ɗan famfo na zubarwa. A riƙa zubar da shi. In tiyo ya tsage yana shan iska, ita ma za ta riƙa yanke ƙarfi. Amma muna gargaɗi da babbar murya: a injin gas na zamani mai lantarki, kada a kwance bututun nozul inji yana aiki, yadda aka saba yi wa na dā. Ƙarfin man da ke ciki ya ninka iskar taya sau ɗaruruwa, yana iya huda fatar mutum.

Da hunturu kuma a dubi filtar iska. Ƙura takan cika ta cikin 'yan makonni. Kada a cire ta a yi tafiya haka, gama ƙurar za ta ɓata sensan auna iska da ke bayanta, ta kuma cinye inji.

MOTA MAI WAYAR ƘARFE

Masu tsofaffin motoci, naku ya fi sauƙi, gama ido yana ganin kome. A kashe inji, a buɗe bonet, wani ya taka totur a hankali har ƙasa, ana kallon inda wayar ta ƙare. Ya kamata hannun kafireta ya motsa tun daga farkon takawa, ya tafi sumul, ya dawo da kansa. In sai an taka rabi kafin ya motsa, wayar ta saki ko mariƙinta ya kwance. In tana cijewa, silin ƙarfen da ke ciki sun fara tsinkewa suna kama riga. Irin wannan waya a sake ta, kada a ƙulla, gama wadda ta ƙi ja yau ita ce za ta ƙi saki gobe.

In waya lafiya take, a cire murfin filtar iska, a leƙa bakin kafireta inji a kashe, a ja totur da sauri. Ya kamata a ga ɗan tsirin fetur ya fesa. In babu, ƙaramin famfon da ke cikin kafireta ya lalace, shi ya sa mota ke nutsewa in an taka farat ɗaya. Ƙasa a cikin kwanon kafireta kuma takan toshe jet ta sake buɗewa. In ciwon sai inji ya yi zafi yake zuwa, a tuna da koyil.

WURIN MAI KWAMFUTA

In an duba duk waɗannan ba a samu ba, lokacin zuwa wurin mai na'urar karanta ƙwaƙwalwa ya yi. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga 2001, masu gas kuma tun daga 2004, duka suna da soket iri ɗaya mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Ana kiransa OBD. Duk sa'ad da ƙwaƙwalwa ta ga abin da ba daidai ba, takan ajiye lamba, sau da yawa har da gudun mota da zafin inji a daidai lokacin. Ko fitila ta mutu, lambar takan zauna. Wannan ita ce shaidar da muke nema. Cire kan batir yana share ta a motoci da yawa. Shi ya sa muka ce a karanta tukuna.

Ga kaɗan daga lambobin da suka shafi wannan ciwo:

P2138: shaidu biyu na abin takawa sun saɓa.
P2122 da P2127: amsar ɗayansu ta yi ƙasa ƙwarai, kamar waya ta yanke.
P2123 da P2128: amsar ɗayansu ta yi sama ƙwarai.
P2135: shaidu biyu na ƙyauren maƙogwaro sun saɓa.
P0641: wutar bolt 5 da ake ba sensa ta sami matsala.

Mu lura da kyau, lamba ba ta cewa a sayi kaya. Tana nuna unguwar da ɓarawo ya shiga ne, ba ta faɗi gidan ba. P2138 tana iya zama sensa, tana iya zama soket mai tsatsa, tana iya zama waya. Har ma wani sensa dabam da ke shan wuta a layi ɗaya da totur yana iya lalacewa ya janye wutar, laifi ya faɗa kan totur.

Saboda haka a roƙi mai na'ura ya yi abu uku. Ya rubuta lambobin a takarda ya ba mai mota kafin ya share. Ya buɗe wurin da ke nuna amsar totur, makulli a kunne inji a kashe, a taka sannu sannu har ƙasa, a ga ko lambobi biyun suna hawa tare ba tsalle. Sa'an nan a riƙe totur wuri ɗaya a girgiza wayoyi ana kallon allo. In amsa ta yi tsalle a wuri ɗaya kullum sa'ad da ake takawa, sensa ya cinye. Irin na dā yana da ɗan harshe mai gogar hanya, yakan kuwa cinye a daidai inda ƙafa ta fi zama. In kuwa sai an taɓa waya take tsalle, sensa ba shi da laifi. Sababbin sensa da maganaɗisu suke aiki, ba abin da ke gogar wani, don haka ba su cika lalacewa ba. A irinsu an fi samun ciwon a soket.

Kada a yarda mai gyaran waya ya gwada wayoyin sensa da ƙwan fitila, ko ya jona musu wuta kai tsaye daga batir. Layin bolt 5 ne. Wutar batir tana iya ƙone ƙwaƙwalwar da lafiyarta ƙalau. Kada kuma a huda rigar waya da allura a bar ta haka, gama ta nan ruwa zai shiga.

In lamba ta nuna maƙogwaro, wanda waɗansu ke kira bakin injekta, a duba ko baƙin maiƙo ya taru a gefen ƙyauren har yana kama shi. A wanke da maganin wanke shi da tsumma mai laushi, ba da ƙarfe ko takarda mai ƙaiƙayi ba. Makulli ya kasance a aljihu, gama moton nan yana da ƙarfin datse yatsa. Bayan wanki, motoci da yawa sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa matsayin ƙyauren kafin silo ya daidaita.

KAFIN A FITAR DA KUƊI

Ga masu mota, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, da masu lura da motar asibiti, muna ba da shawara huɗu.

A tambayi bakanike, "Malam, me ka gani da ya nuna wannan ne ya lalace?" Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, zai nuna.

A sake abu ɗaya a lokaci ɗaya. In an sake uku tare mota ta warke, ba a san wanda ya yi magani ba, an kuwa biya kuɗin uku.

A karɓi tsohon kayan a ajiye. In ciwon ya dawo, an san tsohon lafiya yake. In za a sayi totur na gwanjo, a tabbata lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta tsohon, gama kama da wane ba ta wane.

Ƙwaƙwalwa ita ce ta ƙarshe da za a zarga. Ita ta fi tsada, ita ce kuma ba ta cika lalacewa ba, sai in ruwa ya shige ta ko an yi mata jonin ganganci.

Bayan gyara, a koma ga littafin direba. In a hanyar gargada ciwon yake zuwa, a kai motar hanyar gargada. In sai ta yi zafi, a yi doguwar tafiya da ita ba fasinja. Ba a cewa an warke sai an bi ta inda ciwon ya saba tasowa, sau da dama, bai taso ba.

Rigakafi kuma ya fi magani. A tace man jarka kafin a zuba, a sake filta a kan kari, kada a watsa wa inji ruwa da tiyo, kafet ɗaya ya isa, a kuma share hatsin da ya zube a mota domin kada a gayyato ɓera. Kafin damina ta kankama, a ɗauki rabin yini a duba kan batir, da wayar ƙasa, da soket, da fitilar birki. A karanta wa direban garinku wannan bayani, a kuma sa masa littafi da biro a mota tun yau.